Kiɗan da Auta Ya Bari a Kunne

Laraba, da hantsi

Na kwaso kayana na tare a gidan Auta. Jaka ɗaya ce, sai kwamfutar ofis da filona, don ni ba na iya barci a kan filon wani. Amarya ta bar mini makulli a wurin Tela na ƙasan bene. Har yau Amarya muke kiranta, ko da yake ta daɗe a gidan ƙanen nawa har labulayenta sun koɗe. Tana can asibiti wurin Auta, Mama ma tana can, suna karɓa-karɓa. Ni aka bar wa gadin gida. Ko dai in ce ni na zaɓa, tunda a nan ba wanda zan yi wa ƙarya sai kaina.

Tun daga matakala na jiyo kiɗan. Yana nan yana yi, kamar yadda yake yi tun ranar Asabar: wani bugu mai kauri, a hankali, kamar ana ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabta, da wani siririn sauti da ke hawa yana sauka a kansa. Auta yana gwajin wasan da zai yi ne a ɗakin aikinsa, Amarya ta shigo masa da shayi. Sauran ban gani ba, ba zan rubuta abin da ban gani ba. Kujerarsa tana kwance a gefen tebur yadda ta faɗi, shayin ya bushe a kan leda.

Allon kwamfutarsa baƙi ƙirin, ba komai a kai sai kalma ɗaya a sama: kare. A ƙarƙashinta 'yar alamar nan tana ta ƙiftawa, tana jiran a rubuta wani abu.

Ban ɗaga kujerar ba. Na tsallake ta na duba caja, tana nan a jone.

Alhamis, bayan la'asar

Tela ya tare ni a ƙofa. "Malama, ya mai jiki?" Na ce da sauƙi. Ya ce, "Wai wannan rediyon na sama ba a kashe shi ne?" Na ce ba rediyo ba ne. Na so in yi masa bayani, sai na ga dogon zance ne. To bari in yi wa kaina.

Ni da Auta sana'armu ɗaya, a ganina. Ni ina kamfanin jigilar kaya, ina kula da manhajar da ke raba wa direbobin manyan motoci hanya da lodi. Ba a tsayar da ita, don motoci ba sa tsayawa. In ta sami matsala sai in shiga cikinta tana kan aiki, in rubuta layi ɗaya ta ba ni amsa, in gyara, in sake tambaya. Kamar gyaran mota tana tafiya ne. Shi kuma Auta sai ya hau dandamali da kwamfutarsa, a haska allonsa a bango da majigi kowa yana gani, ya rubuta layi, layin ya zama kiɗa nan take, ya goge ya rubuta wani, kiɗan ya juya. Mutane suna rawa suna karanta bango.

A turance suna ɗaya ake kiran nawa da nasa, shi ya sa muka ɗauki shekaru muna musun sunan da ya dace da abin a Hausa. Ni na ce hira da na'ura. Shi ya ce a'a, wasa ne. Na ce ai na sani, wasa kake yi, mu muna aiki. Ya ce, "Yaya, ke in kin yi kuskure daga ke sai Allah. Ni in na yi, zaure guda sun gani a bango, sun kuma ji shi a kunnensu. Shi ne bambancin." Na ce to in Oga ya tsaya a bayana yana leƙe, na zama 'yar wasa kenan? Ya yi dariya har ya ƙware. Auta ɗan banzan musu ne, tun yana rarrafe.

Matsalar ita ce ɗabi'arsa ta gogewa. Yana rubutawa yana gogewa, ba ya ajiye komai, wai abin da aka ajiye ba wasa ba ne, kaset ne. Don haka wannan kiɗan da nake ji babu shi a rubuce ko'ina. Yana cikin kan na'urar ne kawai, kamar waƙar da mutum ya riƙe a zuci. In an kashe ta, ko ta mutu da kanta, ya tafi kenan.

Kalmar kuwa na san ta, don ni na haɗa masa ita. Umarnansa duk da Hausa ya yi su: kuma, maza, sannu. Shekarun baya ya zo yana ƙorafi wai in yana juya kiɗa sai bugun ƙasa ya ɓace masa, na zauna na rubuta masa kare: duk abin da ke tashi a lokacin a kare shi, ya ci gaba yadda yake, kada wani umarni ya taɓa shi. Abu ɗaya kenan nawa a cikin duk harkarsa, kuma shi ne abu na ƙarshe da ya rubuta. In ba da ni yake ba, da wa yake?

Juma'a, da safe

Yana yi.

Asabar, da azahar

An ɗauke wuta ina cikin wanka. Batirin kwamfutar Auta ya tsufa, ba ya riƙe cajin da zai kai mutum ya sha shayi ya tashi. Ban san yadda na zura doguwar riga ba, na gangara matakala da kumfa a kunne, ina ƙwala wa Tela kira kamar gobara ta tashi. Bawan Allah bai tambaye ni komai ba. Ya jawo doguwar waya daga janaretonsa, ya ɗaura bakinta a gora ya miƙo mini ta taga. Da na jona, alamar batir ta riga ta yi ja.

Na zauna a ƙasa. Ni na yi karatu, na san wannan na'ura ce, wuta ke bi ta cikinta ba rai ba. Amma lokacin da nake gudu a matakala abin da ke raina shi ne, in wannan ya tsaya a nan, wani abu zai tsaya a can. Ga shi na rubuta, na ga yadda yake a rubuce, wauta ce tsagwaronta. Duk da haka tana nan daram a raina.

Da yamma na sauka yi masa godiya. Ya ce, "Ba komai, Malama. Ni ma na saba da shi. Ƙafata ma yanzu shi take bi a kan keken ɗinki, jiya na lura." Sannan ya ce, "Kin je kin gan shi kuwa?" Na ce aiki ya yi mini yawa. Ya sunkuyar da kai ya ci gaba da tsinke zare a bakin wata riga.

Mama ta kira. Ban ɗauka ba.

Litinin, da yamma

Akwai murya a ciki.

Ina aikin ofis a teburin cin abinci, na yi tsaki na ce, "Wannan direban sai ya ga bayana," sai na ji daga ɗakin an ce, "To." Muryar Auta ce, ba ko shakka. Irin "to" ɗin nan nasa na wanda bai yarda ba amma ya gaji da ke. Sai da na leƙa har bayan ƙofa.

Na san yadda aka yi. Ya ɗauki muryarsa ya jefa cikin kiɗan, ya bar wa na'ura ta zaɓi lokacin da za ta fito da ita, kamar jefa ƙuri'a. Tana iya wuni ba ta fito ba, tana iya fitowa a jere. Sanin bai hana ni komai ba. Na ja kujerar falo zuwa bakin ƙofa na ce, "Auta, kana jin zafi?" Bugu kawai. Na ce, "Ka san ina nan?" Bugu. Na tashi zan ɗora ruwa, ina kaiwa kicin ya ce, "To."

Na ɗauki kiɗan a waya don ko da wani abu zai faru. Da na saurara sai na goge. Komai yana ciki, amma na riga na san inda "to" ɗin zai faɗo, bai ba ni tsoro ba, bai kuma ɗebe mini kewa ba. Da yana nan da ya ce, "Ba na gaya miki ba? Kaset." Ba zan ba shi wannan labarin ba, kansa sai ya fashe.

Talata, da safe

Yana yi. Bai yi magana ba tun jiya.

Laraba, bayan azahar

Mama ta kira, wannan karon na ɗauka.

"Ke wai wace irin yaya ce? Ƙanenki na kwance, ke kina gadin akwatin kiɗa."

"Mama, ba za ki gane ba."

"Eh, ni ba na ganewa. Ni dai haihuwarku kawai na yi."

Ta ce likitar da ke koya masa motsa gaɓɓai ta tambayi sana'arsa, don ta san inda za ta fi mai da hankali. Amarya ta ce makaɗi ne. Mama ta ce a'a, ma'aikacin kwamfuta ne, mu ba mu da makaɗi a gidanmu. Likita ta ce to wanne ne, ganga yake riƙewa ko tebur yake zama? Suka shiga musu a kansa yana kwance yana jinsu, har ya ɗaga hannun da ke ɗaguwa ya bugi ƙarfen gado. Shi ne aka ce a tambaye ni, ni ce na yi boko iri ɗaya da shi.

Ga dama ta samu, ba shi da bakin musa mini. In ce mai hira da na'ura ne kamar yayarsa, magana ta mutu. Amma sai na ce, "Ku ce mata yatsu goma yake bukata."

Mama ta ce, "Biyar muke da su yanzu," ta kashe.

Alhamis, da la'asar

Ya ce "to" ina sallah. Na rasa raka'ar da nake, na sake daga farko.

Juma'a, da hantsi

Na fita sayen burodi. A shagon ma ina jin bugun, har na tambayi mai shagon ko shi ma yana ji. Ya ce firji ne. Na dawo da sauri na manta burodin a kan kanta.

Litinin, da yamma

Na yi abin kunya a wurin aiki. Manhajarmu ta cushe tun safe, motoci sun yi cirko-cirko a bakin sito ba a ba su hanya ba. Ciwon da na sani ne, maganinsa ma kowa ya sani: a kashe a kunna. Ni kuwa na zauna ina lallaɓa ta, ina tambaya tana amsawa, ina cire wannan ina toshe wancan, har rana ta take. Oga ya kira yana huci.

"Malama, me kike jira? Kashe ta ki kunna!"

"Oga, akwai abubuwan da ke cikinta da ba a ajiye ba."

"Wane abu kuma? Komai namu a ajiye yake, ke da kanki kika tsara shi haka."

Gaskiyarsa. Yatsana yana kan maɓallin, ya ƙi dannuwa. A ƙarshe shi ya kashe ta daga can, ta dawo garau. Ya sake kira, murya ƙasa-ƙasa, ya ce in ɗauki hutu, ya tambayi mai jiki. Na ce da sauƙi. Kowa haka nake ce masa, alhali ni ma a bakin wasu nake ji.

Tun ɗazu nake tunani, abin da ke cikin ɗakin nan yanzu, wasa ne ko aiki? Ba mai kallo, ba mai rubutu, ba wanda zai yi kuskure a ciki. Mace ɗaya ce dai ke zagaya shi tana duba caja da batir don kada ya tsaya. Wato na mai da kiɗan ƙanena manhajar motoci. Na ci musun kenan, amma ban ji daɗin cin ba.

Laraba, da azahar

Mai zauren da Auta zai yi wasa ya samo lambata. Ya yi jaje, ya yi addu'a, sannan ya shigo da abin da ya kawo shi. Wai ya ji labarin kwamfutar tana nan tana yi, me zai hana a ɗora ta a dandamali ranar, mutane su zo su saurara don girmama shi? Na ce me za su kalla, kalma ɗaya a bango? Ya ce, "To ke ki hau ki rubuta mana, Hajiya. Ai ya sha gaya mana aikinku ɗaya."

Ban san ya taɓa faɗin haka ba. A gabana dai ko da wasa bai taɓa ba.

Na ce, "Ba ɗaya ba ne." Na ji maganar ta fito daga bakina kamar ta wani. Na ce ni in ana kallona ko sunana ba na iya rubutawa daidai. Ya ce Allah ya ba shi lafiya, na ce amin.

Alhamis, da safe

Yana yi. Ban ɗaga kujerar ba.

Asabar, da hantsi

Amarya ta zo ɗaukar kaya masu tsabta. Ta rame, idanunta sun faɗa. Mun gaisa a tsaye kamar baƙi. Ta jiƙa wanki a bokiti, ta fito tana goge hannu, ta tsaya a bakin ɗakin aikin. Tun ranar ba ta shiga ba.

"Yaya, har yanzu abin nan?"

"Shi ya ce a kare shi."

"Ya ce? Da wane bakin?"

Ban taɓa jin ta yi mini magana haka ba. Ita ma ta ji nauyin abin, ta ce in yi haƙuri. Na ce zo ki gani da idonki. Ta tsallake kujerar kamar yadda nake tsallakewa, ta sunkuya a kan allon. Ta daɗe.

"Ba ta da ƙugiya," ta ce.

"Me?"

"K ɗin. Tasa da ƙugiya yake rubuta ta. Ƙare."

Na ce babu wata ƙare, kare ce, ni na haɗa masa ita da hannuna. Ta dube ni yadda ake duban wanda ya zo taro bayan an watse. Ta ce da wannan kalmar yake rufe kowane wasa. Sai ya goge komai, bango ya yi fayau kiɗa na ci gaba, ya bar mutane su ɗan jira, sannan ya rubuta ƙare kowa na gani, kiɗa ya ɗauke, a yi tafi. Ita kullum tana layin gaba riƙe da gorar ruwansa, ta haddace. Ni wasanninsa suna kamawa ne a lokacin da motocinmu suka fi rikici, wanda na je ma waya ta fitar da ni ana tsakiya.

"Ko a gida haka yake yi in na kira shi," ta ce. "Ranar na kira shi daga kicin na ce shayi ya yi. Ya ce ga shi nan. Na tsaya ina jiran kiɗan ya ɗauke, bai ɗauke ba. Na ce a raina yau ma ya manta da ni. Yaya, har zama na yi na shanye nawa."

Ta zame ta zauna a ƙasa ta jingina da bango. Na zauna kusa da ita.

Mu a ofis ba ma sa ƙugiya a umarni, tana ɓata abubuwa. Idona ya saba har k da ƙ sun zama ɗaya a wurina. Na sha yi wa Auta faɗa a kan haka, ya ce shi ba zai haska Hausa mara ƙugiya a bango a yi masa dariya ba. Na tashi na duba maɓallansa. In za a fitar da ƙ, sai hannun hagu ya danne wani maɓalli a can kusurwar ƙasa, sannan na dama ya bugi k. In na hagu bai danne ba, k ce za ta fito.

Hagun ne. Mama ta faɗa mini tun ranar farko, ɓarin jikinsa na hagun ne ya shanye.

Duk da haka na ce, "Ko kuma kare ɗin yake nufi. Ba wanda ya sani."

Ta miƙe tana gyara mayafi. "To ki je ki tambaye shi mana. Yana nan da ransa, Yaya. Ke kaɗai ce kike zaman makokinsa."

Lahadi, da safe

Akwai hanyar tambayar na'ura ko ta san kalma ba tare da ta aikata ta ba. Wannan kam fagena ne. Tun zuwana ban taɓa maɓallan nan ba. Yau na wanke hannu kamar zan ci abinci, na tsaya a sunkuye na tambaye ta a ƙasan allon. Ta amsa nan take. Ta san ta. Ƙare: a tsayar da komai, har da abin da aka kare.

Wato ya zauna shi kaɗai ya haɗa kalmar da ta fi tawa ƙarfi, bai taɓa gaya mini ba. Na goge tambayar na bar allon yadda na same shi.

Ina iya rubuta ta yanzu, yatsuna goma ne. Amma in kare yake nufi fa? In kuma ƙare yake nufi, to makonni kenan ina riƙe da mutum a tsakiyar maganarsa. Tsoro nake ji, ta kowane gefe.

Litinin, da la'asar

Yana yi. Yau ji nake kamar daga ciki ake buga ƙofar.

Talata, da yamma

Na je ofis na aro babban batirin da muke fita aiki da shi. Oga bai tambaye ni na mene ba. Na gwada shi, yana riƙewa. Gobe.

Laraba, bayan la'asar

Na dawo daga asibiti. Bari in rubuta tun ban fara gyara shi a kaina ba.

Ba a rufe murfin kwamfutar, in an rufe barci take yi. Don haka a buɗe na sauko da ita, a kan hannuwana kamar tiren ƙwai, Tela na biye da ni riƙe da batirin. Shi ya tsayar mini da tasi. Da na cire manyan lasifikan sai bugun ya koma ƙarami, kamar na agogon bango. Direba ya yi ta kallona ta madubi, can ya ce, "Hajiya, wannan wace tasha ce?" Na ce ta gida ce. Duk ramin da muka faɗa sai na ɗaga ta daga cinyata.

Ɗaki ne mai gadaje da yawa, nasa na kusa da taga. Mama ta gan ni, ta janye ƙafarta in wuce. Na ja labulen da ke zagaye gadon don kada mu dami mutane. Na ajiye kwamfutar a kan teburin abincinsa. Na kalli bargo, na kalli robar ruwa, na kalli hannunsa na hagu da aka ɗora a kan filo kamar ajiyar wani. Sama da wuya ban kalla ba.

Ya gane kiɗan tun kafin in ajiye. Na ji numfashinsa ya canza.

Na ce, "Auta, ni ce. Na kawo maka abinka. Tambaya ɗaya zan yi maka. Kare ka so rubutawa, ko ƙare?"

Ya yi ƙoƙari. Abin da ya fito ba k ba ne, ba ƙ ba ne, wani abu ne a tsakani, daga can maƙogwaro. Ya sake, ya sake, iri ɗaya yake fitowa. Ashe harshen ma ƙugiyar ta kuɓuce masa. Sai ya miƙa hannun dama, ba wajen kwamfutar ba, ya kama labulen ya shiga fizga.

Mama ta ce, "Zafi yake ji." Ni na fara neman nas. Amarya ce ta tashi ta yaye labulen gaba ɗaya, ta juya ga ɗakin ta ce, "Don Allah, bayin Allah, duk mai iya tasowa ya matso. Mijina zai rufe wasansa." Muryarta ko rawa ba ta yi ba.

Suka zo kuwa. Nas-nas ɗin da ke aiki, da wata mai jinyar mijinta riƙe da kofi, da dattijon gadon kusa wanda ya dafa ƙarfe ya ɗago yana leƙe. Suka jeru ta gefe da gefe suna kallon allon, ba wanda ya san me ake kallo.

Da yatsa ɗaya ya goge kalmata, harafi bayan harafi. Allo ya yi fayau, kiɗa na yi. Ya bar mu muka jira, ɗan banza, har a nan sai da ya ja mana rai. Sannan ya ɗora yatsan a kan k. Bai danna ba. Ya tsaya.

Na fahimta. Na zagaya ta gefen hagunsa, na sa yatsana a maɓallin kusurwa na danne. Ya buga, ta fito da ƙugiyarta. Sauran shi kaɗai ya rubuta, a hankali. Ya kuskure harafi ɗaya, ya goge ya gyara kowa na gani. Ya danna babban maɓallin.

Kiɗan ya ɗauke.

Da farko ban ji tafin ba, kunnena yana wajen ƙirjinsa. Ya ja numfashi, ya sauke, ya sake ja. Sai a sannan na ji dattijon yana buga cinyarsa da tafin hannu, nas-nas ɗin suna tafi suna dariya ba su san na mene ba. Mama ta ce, "Shi kenan? Wannan ce sana'ar?" Amarya ta ce, "Ita ce, Mama." Mama ta share ido da bakin mayafi ta ce, "To, Allah ya sa albarka."

Ba sauran abin kallo a allon, dole na ɗago. Gefen dama na fuskarsa Auta ne sak, yana yi mini dariya. Gefen hagu bai san ana dariya ba. Na daɗe ina kallon na hagun, don shi ne ban sani ba, kuma da shi za mu zauna.